Ranar 27 ga Mayu: Daga Tunis Zuwa Maiduguri

Gaisuwa ta musamman ga dattawan unguwar Fezzan da ke nan Maiduguri, domin hirarmu ta yau ta ratsa ƙofar gidanku.

Yau 27 ga watan Mayu, ranar yara a Najeriya. A rana irin ta yau, a shekarar 1967, Yakubu Gowon ya rushe tsarin yankuna ya yanka ƙasar nan jihohi 12. Aka kafa jihar Arewa maso Gabas, aka ce Maiduguri ce hedikwatarta, Musa Usman ya zama gwamnan soja na farko. Kwana uku bayan haka Ojukwu ya shelanta Biyafara. Waccan jiha guda ita ce a yau ta zama Borno, Yobe, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata haihuwa. A ranar 27 ga Mayun 1332, wadda ta yi daidai da 1 ga Ramadan shekarar 732 bayan Hijira, aka haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a birnin Tunis, malamin da ya rubuta Muƙaddima, ya rasu a Alƙahira a 1406. Wani zai ce ina ruwan ɗan Fezzan da mutumin Tunis? To, ku saurara. A cikin littafinsa na tarihi, Ibn Khaldun ya ba da labarin yadda sarkin Kanem ya aika wa Sarki al-Mustansir na Tunis kyauta a shekarar 1257, har da raƙumin dawa a ciki, jama'ar birnin suka yi cincirindo don kallonsa. A wancan zamanin ikon Kanem ya kai har Fezzan ta kudancin Libiya, ƙasar da fatake suka ratso da raƙuma, suka zo suka bar wa unguwarku sunanta. Ashe tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce malaman Larabawa sun san da mu, har sun sa mu a takarda.

Abin da ke damuna, yaran da aka haifa a Fezzan da yawa ba su san dalilin sunan unguwarsu ba. Iyaye, kakanni, malaman islamiyya da na boko, idan yaranku sun dawo daga faretin yau, ku zaunar da su bayan sallar magariba ku ba su wannan labari.