LACCA: KOGI BAI SAN KAN IYAKA BA

Ya ku 'yan'uwanmu talakawan Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, maza da mata, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfunanku kuka hallara, muna yi muku barka da zuwa. Yau maganar ruwa za mu yi, watau wannan kogi da muke ƙetarewa kullum in za mu shiga cikin gari.

Kogin Kaduna ba a nan ya fara ba, ba kuwa a nan ya ƙare ba. Daga duwatsun Jos ya gangaro, ya ratsa ta gabanmu, ya wuce madatsar Shiroro wadda aka buɗe a 1990, kana ya faɗa Kwara a ƙasar Nufe. Ita kuwa Kwara daga ƙasar Gini ta taso, ta bi ta Mali da Jamhuriyar Nijar kafin ta iso mu. Ashe kun ga mai tumatir a kasuwar Kakuri da masunci a Yamai, ruwa ɗaya ya haɗa su.

To, yaya muka riƙe namu rabo? Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, shekara da shekaru ruwan rini yana bin rafin Makera yana zuba cikin kogi. An kafa matatar man fetur a 1980, rafin Romi kuma ya ɗauki nasa kaya. Yanzu yawancin masaƙun sun rufe, amma shara da leda sun cika magudanai. Duk abin da muka zubar, Banufe ne zai sha, shi zai ci kifin.

Yadda muke iya cutar na ƙasa da mu, haka na sama da mu ke iya cutarmu. A 2003 kogin nan ya cika ya shiga gidajen mutane a unguwannin bakin ruwa. A 2012 ruwan sama ya yi yawa, aka buɗe madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, Binuwai da Kwara suka yi ambaliya, mutum fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 abin ya komo, mutum fiye da 600 suka rasu. Wa ya fi shan wuya? Mai ɗakin ƙasa, da manomin fadama, da ɗan kasuwan da kayansa suka ruɓe a mota hanya ta yanke. Masana sun nuna duniya tana ƙara zafi, sabo da hayaƙin man fetur da gawayi da sare itatuwa, shi ya sa damina take rikicewa.

Magabata sun hango haka. A 1964 ƙasashen da Kwara ta haɗa suka kafa hukuma guda, aka sabunta ta a 1980. Ƙasa 9 ke ciki, babban ofishinta yana Yamai. Bayan babban farin nan na 1973 kuma, a 1974 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai, inda ake koyar da awon ruwan sama da na koguna. Kowace shekara kafin damina masanan Afirka ta Yamma sukan haɗu su faɗi yadda suke tsammanin ruwa zai kasance. Nan Kaduna ma, a Mando, akwai makarantar binciken ruwa ta ƙasa tun 1979.

Ga abin da ya ɗaga mana hankali. A 2023 gwamnatoci suka yi rigima, aka rufe iyakar Nijar wata da watanni. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ECOWAS. Manya suna iya ɓatawa su shirya, amma kogi ba ya jiran a yi sulhu. In mai awo a Yamai ya ga ruwa ya ɗaga bai aiko da labari ba, talaka ne zai kwana bisa rufin ɗaki.

Don haka abu uku muke nema. Na farko, ko wane irin saɓani ya auku, kada a katse musayar awon ruwa tsakaninmu da maƙwabta. Na biyu, a ba makarantar Mando da jami'o'inmu kuɗi da kayan aiki, 'ya'yan talakawa su koyi wannan ilmi, domin mai aron ido ba ya gani lokacin da ya so. Na uku, hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa kowace shekara ya daina tsayawa a ofisoshi da Turanci. A faɗe shi da Hausa da Gbagyi da sauran harsunanmu, a rediyo da kasuwa da masallaci da coci, manomi ya san ranar shuka, mai hatsi ya san lokacin saye.

Mu ma da namu aiki. Mu yashe magudanan unguwanninmu kafin ruwa ya sauka, mu bar gini a bakin kogi. Wanda kuma ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi me ya tanada game da waɗannan abubuwa uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wassalam.