RAMI A KAN HANYA: WA ZAI BIYA DIYYAR MAI KEKE?

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da ɗaya daga cikin malaman unguwar Hotoro ya gabatar a zaman karatun da 'yan'uwa suka saba yi tsakanin Magariba da Lisha.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, talaka ya koma wa tsohon abokinsa, wato keke. Da ma tun Janairun 2013 an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, kuɗin Adaidaita Sahu kuma ya fi ƙarfin lebura. Don haka duk safiya za ka ga magidanta da 'yan makaranta sun fito daga Hotoro da Tarauni, sun nufi Gyadi-Gyadi ko cikin gari, suna raɓe-raɓe a gefen kwalta tsakanin tankokin mai da tifofin yashi. Gefen nan kuwa shi ne inda kwalta take fara zaizayewa, nan ne ramuka da buɗaɗɗun kwalbatoci suke. Mai mota in ya faɗa rami, taya zai canza. Mai keke haƙori zai zubar ko ya karye, wani ma tifar da ke bayansa ta bi ta kansa.

Malam ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne abin da ake faɗa wa mutumin in an je dubiya: "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Ya ce wannan gaskiya ne, babu abin da ke samun bawa sai da hukuncin Allah. To amma wanda ɓarawo ya shiga gidansa ma ƙaddara ce, ba mu taɓa jin an ce a ƙyale ɓarawon ba. Imani da ƙaddara tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, lamuni kuwa haƙƙi ne tsakanin bayi, ɗaya ba ya goge ɗaya.

Daga nan sai ya shiga fiƙihu. Ya ce a cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya yi magana a kan wanda ya haƙa rami ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi. Ma'anar bayaninsa ita ce, duk wanda ya yi abin da bai halatta gare shi ba a kan hanya, har wani ya ji rauni, to shi zai biya. In abin bai kai sulusin diyya ba, daga aljihunsa. In ya kai sulusi ko ya wuce, danginsa su taru su ɗauka. Kuma Shari'a ba ta bar farashin jikin ɗan Adam a hannun masu ciniki ba. Rai raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin wannan, yatsa raƙuma 10, haƙori ɗaya raƙuma 5. A nan Malam ya tambayi masu sauraro ko akwai wanda ya san kuɗin raƙumi ɗaya a kasuwa yau, aka yi dariya, ya ce to a lissafa haƙoran da ramukan unguwar nan suka ci.

Sai dai ya gargaɗi 'yan'uwa da kada su yi saurin nuna gwamnati da yatsa, domin hukuncin nan kan mutanen unguwa yake fara sauka. Wanda ya fasa titi don ya ja famfo zuwa gidansa, ya maida ƙasa sama-sama ya tafi. Wanda ya sa aka juye masa yashi da bulo har rabin hanya, suka shekara a nan. Matasan da suka gina tudun rage gudu cikin dare, ba fenti ba alama. Mai cire murfin ƙarfe na lambatu ya kai wa 'yan gwangwan. Ya ce duk waɗannan masu haƙa rami ne a idon Shari'a, ko da suna sahun farko a masallaci.

Game da wanda bai haƙa ba amma ya ƙi cikewa, Malam ya kawo mas'alar katangar da ta karkata, wadda take cikin Muhtasar na Shaihu Halilu. In aka yi wa mai katangar gargaɗi, ya samu lokacin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa wani, to ya lamunta. Ya ce ga shi nan ƙarara, barin aiki ma yana jawo biya, in dai aikin a wuyan mutum yake kuma an sanar da shi. Gyaran hanya kuwa a wuyan shugaba yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin ayyukan mai mulki. Wanda ya karɓi haraji ya karɓi katangar ke nan.

To ina dokar ƙasa? Malam ya ce a takarda kowace hanya da mai ita. Manyan hanyoyin tarayya akwai hukumar FERMA da aka kafa a 2002, na jiha akwai KARMA, sannan Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi. Hotoro kuma rabe take tsakanin Tarauni da Nasarawa, sai ka ga rami ɗaya kowa yana cewa na maƙwabcinsa ne. Sashe na 14 na tsarin mulkin ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, amma sashe na 6 ya zagayo ya ce kotu ba ta da hurumin tuhumar gwamnati a kan alkawuran da ke wannan babin. An ba ka da hannun dama, an karɓe da na hagu.

Ya ƙara da cewa dokar Ingila da Turawan mulkin mallaka suka shigo mana da ita tana da wata tsohuwar ƙa'ida: in hukuma ta yi aikin hanya ta ɓata, a iya ƙarar ta, amma in ta naɗe hannu ta ƙi yin komai, ba ta da laifi. Su can sun ga rashin adalcin abin sun soke ta a 1961, yanzu mai keke a Landan yana iya kai hukumar garinsu ƙara a kan rami ya karɓi diyya, sai fa in ta nuna ta yi iya kulawar da ta kamata. Mu kuwa tunanin ne ya zauna mana daram. Ga kuma dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta samo asali tun 1916, wadda ta ba mai ƙara wata uku kacal. Mutumin da ke kwance a Asibitin Ƙashi na Dala ko a hannun mai ɗori, kafin ya fara taka ƙafar wata ukun sun shuɗe. Babbar Kotun Tarayya tana nan Gyadi-Gyadi, tafiyar 'yan mintoci a kan keke, amma kuɗin lauya ya fi kuɗin keken sau nawa?

Malam ya ce ba ya musun an yi ayyuka. Ga gadar Dangi, ga ta shataletalen NNPC a nan Hotoro da aka buɗe a Janairun 2023. Amma gada ta mai mota ce, mai keke ta ƙasa yake bi ya koma lungunsa.

Shawarar da ya bayar ita ce a yi aiki da darasin katangar nan. Kowane masallaci ya sa mutum biyu ko uku su zagaya su ƙirga ramukan da ke layinsu, a ɗauki hoto, a rubuta takarda mai kwanan wata, mai unguwa da shaidu su sa hannu, a kai wa hukumar da hanyar take hannunta, a karɓo kwafi mai hatimi a ajiye wurin liman. In tsautsayi ya auku, a adana takardun asibiti, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a nemi lauya a makon farko. Kafin nan kuma a sa alama a bakin ramin, ko a cike shi da ɓaraguzai, domin kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani.

Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo mai facin keke ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, to wanda ya hau keke da dare ba fitila ba birki fa?" Malam ya ce, "Baba, wannan ya taimaka wa ramin a kan kansa, alƙali zai duba sakacinsa, yana iya rage masa ko ya tashi a tutar babu." Ya roƙe shi da ya daina sakin keken da ya ga birkinsa ya mutu sai ya faɗa wa mai shi. Daga nan ladan ya kira sallar Lisha.