Jawabin Yaye Sabbin Rele na Ollelewa



Waɗanda ake yayewa yau ƙauyukansu ne suka zaɓe su, su zama rele masu kula da lafiyar yara ba da albashi ba. Wanda ya san ƙasarmu ta Damargu ya san nauyin da suka ɗauka. Tsakanin wata ruga da gidan likita na Bakin Birji akwai tafiyar sa'o'i cikin rairayi bisa amalanke, ga yaro yana ƙuna da masassara a bayan uwarsa.

Kafin a ɗaura wa jaki amalanke, ƙofar rele ake fara bugawa, ko da tsakar dare ne. Sai ya zaro ma'aunin nan mai launi uku ya naɗa a damtsen yaro. In ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, sai likita. Yana danna ƙafar yaro da babban yatsa ya ga ko rami zai zauna. Yana ƙirga numfashin jariri cikin minti guda: in ya kai 50, ciwon huhu ake tsoro. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma sai da mai lallashin maigida ya yarda a tafi, kuma rele ne mai lallashin.

Wahalarsa mafi girma tana zuwa da damina. Daga Yuli zuwa Oktoba, kowane wata, yana bin gida gida da maganin rigakafin masassara na yara 'yan wata 3 zuwa 59. Daidai lokacin nan hatsinsa ke neman noma, ciyawa tana cinye gonarsa. Rele mace kuma ga ɗiban ruwa, ga daka, ga surukai masu tambayar ina za ta kuma.

Ƙasar Ollelewa ta ga yunwar 2005, ta kuma ga matatar mai ta SORAZ ta tashi a kanta a 2011. Ƙasa irin wannan bai kamata ta bar rele yana sayen batirin tocila da kuɗin aljihunsa ba. Roƙon da ake yi wa masu gari shi ne kowane ƙauye ya yi wa gonar relensa gayya a damina mai zuwa.

Allah Ya yi wa sabbin rele jagora, Ya raya mana yaranmu. Yanzu za a kira su ƙauye ƙauye, kowa ya karɓi jakarsa da littafinsa.