ZIYARAR BADAGIRI DA ABEKUTA: ABIN DA ZA MU GANI DA ABIN DA ZA MU KOMO DA SHI

Jawabin da kwamitin ilmi ya gabatar a babban taron ƙungiya, Agege



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Shugaban taro, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kamar yadda aka sani, ƙungiya ta ɗora wa wannan kwamiti nauyin shirya wa 'yan makaranta da iyayensu ziyarar kwana biyu zuwa Badagiri da Abekuta, domin ganin wuraren tarihi na farkon zuwan 'yan mishan ƙasar nan. Tun da aka yi sanarwa muke jin ƙorafi nan da can. Wasu na cewa, me ya kai ɗan Musulmi tsohon gidan mishan? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu raina ta ba. Shi ya sa muka nemi a ba mu wannan fili mu yi bayani, kowa ya ji da kunnensa.

Amsarmu a taƙaice ita ce, muna zaune ne a cikin mutane, tare muke cin kasuwa, 'ya'yanmu da nasu benci ɗaya suke zama a aji. Wannan tarihi ana koyar da shi a makarantunsu, yana fitowa a jarrabawa, ko mun so ko mun ƙi. Gara yaro ya ji shi ubansa na tsaye a gefe. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne, to wanda ya shekara talatin a gari bai san labarin masu garin ba, har yanzu baƙo ne. Sa'an nan a cikinmu akwai 'yan'uwa Hausawa Kirista, su ma 'yan ƙungiya ne, kuma wannan tarihi ya shafe su kai tsaye. Abu na uku, wanda shi ya fi jan hankalinmu, shi ne sawun Bahaushe yana cikin labarin nan tun daga farkonsa.

Bari mu fara da dalilin zuwan 'yan mishan ɗin, don in ba a gane shi ba sauran ba za su zauna ba. Badagiri, wadda ke kan hanyar Seme kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, tsohuwar tashar cinikin bayi ce. A 1807 Ingila ta haramta wa mutanenta wannan ciniki, daga baya ta sa jiragen yaƙinta suna tare jiragen bayi a teku, suna sauke mutanen da suka ƙwato a Saliyo. A can wasu suka shiga addinin Kirista suka yi boko, wasu suka riƙe Musuluncinsu. Daga wajen 1839 sai Yarabawan cikinsu suka fara haɗa kuɗi suna komowa gida ta Badagiri. Kiristocin cikin waɗannan da suka komo su ne suka rubuta takarda suna neman a aiko musu da malaman addini. Wato kiran daga cikin gida ya fito.

Wanda ya fara amsa kiran shi ne Thomas Birch Freeman na cocin Methodist, wanda ubansa baƙar fata ne, uwarsa Baturiyar Ingila. Ya taso daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya sauka Badagiri ranar 24 ga Satumba, 1842. A watan Disamba na wannan shekara Henry Townsend na ƙungiyar CMS ya iske shi, suka yi bikin Kirsimeti tare a gindin wata babbar itaciya da ake kira Agia. Itaciyar ta faɗi a 1959, yanzu ginshiƙin tunawa ne a wurin. Nan ne zangonmu na farko.

Daga nan ɗan jagora zai kai mu wani farin bene da ke kallon ruwa, wanda wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Gollmer ya kammala a 1845. Za a nuna mana ɗakunan da suka zauna, da tsofaffin littattafai, da rijiyar gidan. Ba nisa da nan akwai maƙabartarsu. Matar Gollmer ɗin kanta ba ta wuce 'yan watanni da isowa ba ta rasu, domin a lokacin zazzaɓin cizon sauro yana yi wa Turawa kisan kiyashi. Ko mutum bai yarda da saƙon da suka zo da shi ba, in ya tsaya kan kaburburan nan zai san cewa mutanen sun sa ransu a kan abin da suka yi imani da shi.

To a nan muna so mu ja kunnen yara, har da manya. Ɗan jagora zai ce wannan shi ne bene na farko a Nijeriya, haka ma aka rubuta a jikinsa. Daidai maganar ita ce, shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, haka soraye da benayen ƙasa na Kano da Zariya. Zai kuma ce nan aka fara wa'azin Kirista a ƙasar nan, alhali limaman Katolika daga Fotugal sun je Benin da Warri tun ƙarni na 16, sai dai aikinsu bai yi saiwa ba. Kada wanda ya yi masa gardama ko ya kunyata shi. Mutumin nan abincinsa yake nema, garinsa yake yabo, kowa ma haka zai yi. A saurara, a yi tambaya cikin ladabi, a rubuta, in mun hau mota sai mu tace. Wannan ma darasi ne ga yaro, ya san ba duk abin da aka rubuta a allo ba ne yake cikakke.

Sunan da za ku fi ji a gidan nan shi ne Samuel Ajayi Crowther. Labarinsa abin ji ne. Yaro ne Bayarabe daga garin Osogun, aka kama shi a 1821, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ya shiga jirgin bayi. A 1822 jirgin yaƙin Ingila ya tare su, aka sauke shi a Saliyo. Ya yi karatu, ya zama limamin coci a 1843, ya zama bishop a 1864, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Ya rasu a Ikko a ƙarshen 1891. Ya zauna a Badagiri daga 1845 zuwa 1846. Shi ne jigon fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Yarabanci, aikin da ya ci shekaru da hannuwa da yawa, cikakkensa bai fito ba sai a 1884.

Ina Bahaushe a cikin wannan duka? To ku saurara. Shekaru 17 kafin zuwan Freeman, wato a ƙarshen 1825, daga Badagirin nan Baturen nan Clapperton ya kama hanyar Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1827. Tafintansa Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma bauta ce ta fitar da shi daga gida, jirgin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgin ruwa, sa'an nan ya komo ƙasarsa yana yi wa Bature jagora.

Sai kuma maganar harshenmu. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su bi kogin Kwara, a cikinsu akwai Crowther da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön. Tafiyar ba ta yi kyau ba, Turawa fiye da 40 suka mutu da zazzaɓi. Amma Schön ya fito daga cikinta da tabbacin cewa Hausa ce harshen da ya fi kowane yaɗuwa a cikin ƙasa. A wurin 'yantattun bayi Hausawa na Saliyo ya fara koyonta, ya buga littafin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sai Magana Hausa a 1885. Babban malaminsa wani yaro ne, Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Schön bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Jama'a, mun daɗe muna rubutu da ajami kafin Schön ya fara aikinsa, wannan babu ja. Amma boko ɗin nan da ake buga mujallarmu da shi, tushensa yana komawa ga aikin mutanen nan, da bakin bayi Hausawa waɗanda yawancinsu ko sunansu ba a rubuta ba. Niyyar Schön wa'azi ce, bai ɓoye ba. Amfanin kuwa ya wuce niyyarsa.

Kafin mu bar Badagiri za mu shiga gidajen kayan tarihin bauta, inda sarƙoƙi da mari suke har yanzu. Ɗaya daga ciki shi ne gidan Seriki Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama babban dillalin bayi, ya kuma riƙe sarautar shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kalmar Seriki ɗin nan, Sarki ce tamu Yarabawa suka ara. Muna faɗin wannan ne don kada wani ya koma gida yana cewa laifin bauta na wani jinsi ne ko wani addini shi kaɗai. Akwai hannun Bature, akwai na baƙar fata, akwai na mai salla da na marar salla. Waɗanda aka sayar ma haka, akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, har tarihin can ya rubuta yunƙurin tawayensu a 1807. Masu ƙarfin ƙafa za su shiga kwalekwale su haye tsibirin Gberefu, su taka rairayi har bakin teku inda ake loda mutane. Wurin yana sa jiki ya yi sanyi.

Rana ta biyu sai Abekuta, wadda hanyarta ma ta ƙofarmu ta bi. Egbawa ne suka kafa ta wajen 1830 a gindin dutsen Olumo, ƙarƙashin jagorancin Sodeke. Townsend da Crowther sun tare a can a 1846, kuma a nan ne Crowther ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. Za mu ga cocin St. Peter da ke unguwar Ake, kusa da fadar Alake. A 1849 Sarauniya Biktoriya ta aiko wa shugabannin Egba kyautar Littafi Mai Tsarki guda biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Larabci. Ku lura da na Larabcin, alama ce cewa an san akwai masu karatun Larabci a ƙasar. A Abekuta ne kuma Townsend ya fara buga Iwe Irohin a 1859, jarida ta farko a ƙasar nan. Tamu Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939 ta fito a Zariya, tazarar shekara 80 cif. Duk mai son ya gane yadda Kudu ta yi mana nisa a boko, to ya fara lissafi daga nan. Kuma kada a ɗauka zaman nasu lami lafiya aka yi. A 1867 rikici tsakanin Egbawa da gwamnatin Turawa ta Ikko ya sa aka kori 'yan mishan Turawa daga garin, aka lalata injin buga jaridar.

Yanzu sai ƙa'idojin tafiya. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, saboda hanyar Seme akwai shingayen jami'an tsaro. Ba mai shiga kwalekwale sai da rigar kariya daga nutsewa, kuma kowane yaro da babban da ke riƙe da shi. Dattawa da masu ciwon ƙafa su jira a gari, tafiyar rairayin nan cikin rana ba wasa ba ce. An tsara lokutan salla a cikin shirin, a Abekuta ma wurin 'yan'uwanmu na Sabo za mu sauka. In an shiga coci, kallo muka je yi, ba a tilasta wa kowa shiga ba, amma wanda ya shiga ya kama bakinsa, ya girmama wurin kamar yadda muke so baƙo ya girmama masallacinmu. A nemi izini kafin a ɗauki hoto. Kowane ɗan makaranta ya zo da littafi da biro.

Daga ƙarshe, ga abin da muke so mu komo da shi. Mutanen nan suna iya gaya maka rana da wata da shekarar da wane ya sauka, su nuna maka ɗakin da ya kwana, domin an rubuta, an kuma adana. Mu fa? An san Sabon Badun an kafa shi a 1916, saboda masana sun rubuta. Zangonmu na nan kuwa, wa ya fara sauka? Su wa suka fara fataucin goro zuwa Arewa ta jirgin ƙasa? A wace shekara aka kafa masallacin farko, wa ya ba da filin? Amsoshin suna nan a cikin kawunan dattawan da ke zaune gabanmu, da cikin takardun ajami da gara ke ci a akwatuna. Ranar da aka ta da maganar fili ko ta sarauta, ko wani ya ce jiya muka zo, takarda za a tambaye mu, ba a karɓar an ce an ce.

Saboda haka kwamiti na roƙon Mai girma Sarki da shugabannin ƙungiya su ba da izini, da zarar an dawo, a raba 'yan makarantar da suka je gida gida, su zauna gaban dattawa maza da mata, su ɗauki maganarsu a waya, su rubuta, a riƙa bugawa a wannan mujalla kashi kashi. Duk mai tsohuwar wasiƙa, ko hoto, ko takardar sayen fili, ya kawo a ɗauki hotonta a mayar masa da abinsa a take. Masu son tafiya kuma su ba sakatare sunayensu da na 'ya'yansu kafin a tashi daga wannan taro, don a san yawan motocin da za a ɗauka.

Allah ya kai mu lafiya ya komo da mu lafiya. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya.