Girman Harsashi da Yaƙin Daji: Abin da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa Suka Gani



Maganar da ta tara mu a nan ba daga littafi ta samo asali ba, daga gida muka zo da ita. Duk wanda ya je hutu Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya ji ta a tasha da bakin kasuwa, watau wai 'yan bindiga sun gagara ne domin bindigarsu ta fi ta kowa. Muna so mu auna wannan magana mu ga nauyinta.

Da farko, mene ne ake nufi da girman harsashi? Lambobi biyu ake faɗa: ta farko kaurin harsashin, ta biyu tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi, duka da milimita. Bindigar AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera, sojan Tarayyar Sobiyet kuma suka karɓa a 1949, tana cin 7.62 da kwanso 39. Bindigogin FAL ta Beljiyam da G3 ta Jamus, waɗanda sojanmu suka daɗe suna riƙewa, su ma 7.62 suke ci, amma kwansonsu 51 ne. Kauri ɗaya ke nan, albarushi ya bambanta. Saboda haka harsashin G3 ya fi gudu, ya fi cin zango, yana iya samun abin hari a wajen mita 500, alhali AK takan fara rauni bayan mita 300. Sai dai G3 ta fi nauyi, tana naushin kafaɗar mai harbi, gidan harsashinta kuma 20 yake ɗauka, na AK 30.

Na ukunsu shi ne 5.56 da kwanso 45, wanda Amurka ta yi amfani da shi a yaƙin Biyetnam a bindigar M16, ƙungiyar NATO kuma ta amince da shi a 1980. Siriri ne, nauyinsa kamar rabin na G3, don haka soja ɗaya yana iya ɗaukar ninki biyu. Rashawa ma sun bi sahu a 1974 da 5.45. Amma da aka je duwatsun Afganistan, inda ake harbi daga nesa, sai sojan Amurka suka yi kukan ƙaramin harsashin ya gaza, har a 2022 suka zaɓi sabo mai 6.8. Manyan ƙasashe ke nan, da kuɗinsu da masanansu, sun shafe shekara saba'in suna kai da komowa.

To, mu dawo gida. Wanda ya san ƙasar Faskari da Sabuwa da damina ya san idan masara da dawa suka tashi, mutum ba ya hangen abin da ke mita hamsin gabansa. Balle cikin dajin Rugu, ko kwararon ƙauye da tsakar dare. A irin wannan wuri ƙarin zangon G3 ba shi da wani amfani. Abin da ya sa AK ta zama bindigar daji shi ne ba ta cika ƙin tashi ba ko da ƙura ta shige ta, ana goya ta a kan babur, harsashinta kuma ya cika yankin Sahel, musamman tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: 'yan sandanmu da sojanmu su ma AK suke riƙewa. Ke nan duk harsashin da aka ƙwace a wani shinge, ko ya sulale daga wani rumbu, yana shiga bindigar ɗan fashi ba tare da gyara ba. A ganinmu wannan ya fi kaurin harsashi hatsari nesa ba kusa ba.

Inda maganar tasha take da gaskiya shi ne tsakanin ɗan fashi da ɗan sa-kai. Mai adaka harbi ɗaya yake yi, sa'an nan ya tsaya ɗuri, kafin ya gama abokin gabarsa ya zazzage talatin. Kakanninmu sun ga irin wannan a 1903, lokacin da rundunar Lugga ta ci Kano da Sakkwato da bindiga mai ruwa, a gaban mahaya masu takobi da mashi. Shi ya sa kiran da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi a 2021, cewa jama'a su nemi makamin kare kai, ya jawo gardama mai zafi, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana farar hula mallakar bindigar yaƙi. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kuwa wata hanya ya bi, ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023.

Amma mu tuna daren 11 ga Disamba, 2020, a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An kora yara fiye da 300 a ƙafa zuwa daji, tafiyar sa'o'i. Ran 17 ga wata aka sako 344 a ƙasar Zamfara, bayan tattaunawa. Wasu cikinmu a nan sa'anninsu ne, mun kwana a irin ɗakunan da suka kwana. Idan muka bi wannan dare sa'a bayan sa'a, tambayoyin da ke fitowa su ne: masu gadi nawa ne a ƙofa, wa aka kira, da wane lokaci ɗauki ya iso, kuma ta wace hanya? Ba mu ga inda za a ce da 7.62 mai dogon kwanso ne a hannun mai gadi da yaran sun kwana a gadajensu ba.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata domin a ba masu tambaya dama.