A Matse Saƙo Kafin a Kulle Shi



Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwamfuta a wajejen Wunti ko Yelwa, lokacin da ɗalibai ke neman shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga yadda yaro kan miƙa wayarsa, da takardar haihuwarsa da sakamakon jarrabawarsa da lambar NIN duk a ciki, a ce masa fayil ya yi nauyi, a rage, a tura, sa'an nan a bar kwafinsa a kwamfutar da kowa ke taɓawa. An rage nauyi, amma ba a tsare amana ba.

Hikimar matsewa, wato rage nauyin fayil, ita ce na'ura ta duba abin da ya yawaita maimaituwa, ta ba shi gajeriyar alama, bisa ƙa'idar da David Huffman ya wallafa a 1952, wadda har yau tsarin matse fayil na ZIP ke aiki da ita. Da haka rubutu mai nauyi kan shige ƙarƙashin megabait 25 da Gmail ya ƙayyade. Hoto da bidiyo kuwa, galibi an riga an matse su, ba sa ƙara raguwa sosai.

To, ita wannan maimaituwa, ita ce kuma ƙofar ɓarawo. Tun a ƙarni na 9, a birnin Bagadaza, Al-Kindi ya bayyana a risalarsa cewa mai ƙidaya haruffa, muddin ya san waɗanda suka fi yawa a harshe, kamar alifi da lamu a Larabci, yana iya warware rubutun asiri ba tare da mabuɗi ba. Saboda haka kulle na zamani, irin AES da Amurka ta tabbatar a 2001, yakan hargitsa saƙo har maimaituwa ta ɓace ɓat, wanda kuwa ya kulle kafin ya matse, bai bar wa na'ura abin da za ta rage ba. Matsewa ce farko, kullewa ta biyo baya.

Abin da ya fi damuna, haƙiƙa, shi ne mabuɗi. Mutum ya kulle fayil, ya kuma rubuta kalmar sirri a cikin saƙon da ya ɗauke shi, tamkar ya rufe ɗaki ne ya bar mabuɗi a jikin kwaɗo. A aika fayil ta imel, a faɗi kalmar ta waya.

Ku kuma masu shaguna, don Allah, takardun ɗan mutane amana ce a wuyanku. Da zarar an gama aiki, ku goge su a gabansa.