Kafin a Kunna Allo: Haɗawa da Saita Allon Gwajin AD5686R



Na'urar DAC aikinta ɗaya ne: kwamfuta ta ba ta lamba, ita kuma ta fitar da wutar da ta yi daidai da lambar. Zan tsaya a kan AD5686R na kamfanin Analog Devices, wanda ake gwadawa a allon EVAL-AD5686RSDZ. Mafita huɗu gare shi, kowacce tana raba zangonta gida 65,536, kuma yana ɗauke da ma'aunin wutarsa na ciki mai bolt 2.5. Abin da nake son mu riƙe shi ne, yawancin matsalar da ake ɗora wa irin wannan allo ba daga manhaja take fitowa ba, daga haɗin waya da saitin ƙafafu take.

Tsarin haɗawa ba shi da wuya. Allon yana magana da kwamfuta ta wani allon sarrafawa, SDP-B. A fara sanya manhajar kamfanin kafin a soka wayar USB, domin kwamfuta ta gane allon. A haɗa allunan biyu babu wuta a jikinsu, sannan a kawo wutar.

Inda ya kamata a daɗe shi ne 'yan marafan haɗin da ke kan allon, waɗanda ke tantance inda kowace ƙafa ta nufa. Ƙafar GAIN idan ta tafi ƙasa, wutar mafita tana tsakanin sifili da bolt 2.5, idan ta tafi sama, wato VLOGIC, zangon ya ninka zuwa bolt 5. Amma na'ura ba ta fitar da abin da ya wuce wutar da aka ciyar da ita. Wanda ya ba ta bolt 3.3 ya kuma zaɓi ninki, zai ga wutar ta hau ta cije a hanya, ya yi zaton ta lalace. Ƙafar RSTSEL ita ke faɗin inda mafita za ta tsaya da zarar an kunna: sifili ko tsakiyar zango. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan akwai inji ko famfo a ɗaya ƙarshen, don rabin zango yana iya tayar da shi tun ba a aika umarni ba.

Ƙafar LDAC kuwa ta fi kowacce rikita ɗalibai. Kowane saƙo na SPI, hanyar da ake aika wa na'urar lamba, bit 24 ne: 4 na umarni, 4 na zaɓen mafita, 16 na lambar kanta. Lambar tana fara sauka a rajistar shiga, kuma muddin LDAC na sama, za ta iya zama a nan mafita ba ta motsa ba. An yi haka da gangan, don a iya loda mafita huɗun a sake su lokaci guda.

Gwajin farko da nake ba da shawara shi ne a aika 32768, a auna. Ba tare da ninki ba, mita ta nuna kusan bolt 1.25. Sannan a aika sifili, a aika 65535.

A nan ne maganar ma'auni ta shigo. Taki ɗaya na wannan na'ura, ba tare da ninki ba, kusan maikrobolt 38 ne. Mitar hannu da ake samu a yawancin ɗakunan gwajinmu ba ta ganin abin da ya gaza milibolt 1, wato taki 26 za su wuce ba ta sani ba. Ma'aunin bolt 2.5 ɗin nan kamar mudu yake a kasuwa: idan ya lotse, duk awon da aka yi da shi ya tauye. Hayaniyar cajar laftof, ko ta inbata da janareta da muke dogaro da su, tana bin wayar USB da wayar ƙasa ta shiga awo, kuma tana iya fin wannan taki nesa ba kusa ba. Saboda haka, idan za a yi awo na gaske, a ciyar da allon daga batir ko wata wuta mai tsabta, a cire cajar laftof, a gajarta wayar ƙasa, a kuma haɗa ta mita kusa da mafitar da ake aunawa.

Ina roƙon malaman da ke tsara darussan aiki su ware zama ɗaya cur na karanta zanen allon da bin marafan haɗi ɗaya bayan ɗaya da mita, kafin a bar ɗalibi ya taɓa manhaja.